Golf ce, amma ba ta lodi ba: shekara guda da GTI tsakanin Kubwa da Jos

Ranar da na fara kai motar nan gida Jos, Hajiya ta leƙo daga zaure, ta ƙare mata kallo, ta ce, "Auta, duk shekarun nan da ka yi a Abuja Golf ka samo? Ko aikin ne ya ƙare za ka koma tasha?" Ban ga laifinta ba. A wajenmu da an ce Golf, wadda take faɗo wa mutum a rai ita ce ta tashar Bauchi Road: mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but a hangame an ɗaure buhunan dankali da roba. Yaya kuma, mai Camry ɗin nan da ake ce wa Muscle, mai silinda shida, sau ɗaya ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa bonet da makullinsa, ya ce, "Injin lita nawa ne?" Na ce biyu. Ya ce, "To Allah ya sa alheri. In mun tashi komawa ka riga ni fita da awa guda, sai mu isa tare."

Yau shekara guda ke nan da wata biyu. Na je Jos da ita sau goma sha ɗaya, ban da zirga-zirgar kullum daga Kubwa zuwa wurin aiki a Wuse. Ina ganin na isa in faɗi abin da na gani a kanta, mai daɗi da marar daɗi.

Volkswagen Golf GTI ce, ƙirar 2012, zubi na shida, 'yar Amurka, fara. Injinta 2.0 TSI, silinda huɗu da turbo, ƙarfin doki 200 a takarda, ta Turai kuwa 210 ce. Giyarta DSG mai hawa shida, nauyinta wajen kilo 1,400. A wurin wani dila na same ta a gefen babbar hanyar Kubwa, ta yi watanni tana shan ƙura, domin duk wanda ya zo da kuɗin da ya kai nata, Corolla yake nema ko Benz. Wannan ya taimake ni a ciniki. Sai da na ɗauko bakanikena daga Apo da kwamfutarsa muka karanta ta, muka ɗaga ta muka duba ƙasa. Washegari muka dawo da sassafe muka tayar da ita injin yana sanyi, shi kuma ya kasa kunne yana sauraron sarƙar taimin, don a wannan zubin injin ita ce masu sani suke fara saurara. Shiru. Na biya.

Tun daga ranar nake cikin gardama. A majalisarmu ta shayi a Wuse 2, in an ce motar gudu, abin da ake fara yi shi ne a leƙa agogo a ga lamba ta ƙarshe. In 260 ce, ta fi mai 220, magana ta ƙare. Wannan ko musu ba na tsayawa yi, lambar fenti ce. Kamfani yakan yi agogo ɗaya ya raba wa motoci iri-iri, mai ƙaramin inji da mai babba. Tawa ma, tunda ta Amurka ce, kwamfutarta ba ta barin ta ta wuce mil 130, wato kilomita 209 a awa, ko da allura tana da sauran wurin zuwa. Ban taɓa kai ta can ba, ba ni kuma da niyya. Ƙa'idar Road Safety a babbar hanya 100 ce, ni kuma ina da 'ya'ya biyu.

Wasu kuma da kunne suke aunawa. Da daddare a titin Aminu Kano sai ka ji kamar ana harbi, ka waiga ka ga wani yaro ne a tsohuwar mota, an cire mata indomi, wato abin tace hayaƙi, an huda salansa, tana tafe tana tari masu suya suna ɗaga kai. Ka bi bayansa warin hayaƙi ya cika maka hanci, kuma na tabbata wutar cek inji tana nan kunne a gabansa ya rufe ta da sitika. Abin da ya ƙaru a injin bai taka kara ya karya ba. Tawa tana da ɗan gurnani in an taka ta, da wani "fat" da take yi lokacin canjin giya, ba zan ɓoye ba ina jin daɗinsa. Amma a cunkoson Berger da safe shiru take kamar kowace mota.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne tambari. Benz C300 nawa ne ke yawo a Abuja da AMG manne a baya, wani ma a karkace? AMG ba sitika ba ce, kamfanin da ke ƙara wa Benz ƙarfi ne. Injiniyoyi biyu ne, Aufrecht da Melcher, suka kafa kamfanin a Jamus a 1967, kuma manyan injinansa a garin Affalterbach mutum ɗaya ne yake haɗa kowanne daga farko har ƙarshe, ya manna ɗan ƙarfe mai sa hannunsa a kai. C63 ta gaske, irin wadda ta fito a 2008, V8 ce mai lita 6.2 da doki 451. C300 ta wannan shekarar doki 228 gare ta. Duk da haka ba injin ne ya fi burge ni ba ranar da na ga C63 a ɗage a garejin Apo an cire mata taya. Faifan birkinta na gaba milimita 360 ne, kamar tiren kai wa baƙi abinci, da fistin shida suna matse shi. An faɗaɗa mata ƙafar gaba, an ƙara mata abin sanyaya mai. Waɗannan su ne kuɗin, kuma babu ɗaya a cikinsu da mai wucewa yake gani.

Zan yi wa Yaya adalci, don a takarda shi ke da gaskiya. Camry ɗinsa lita 3.5 ce, doki 268, nauyi wajen kilo 1,580. In ka raba doki da nauyi, kowane tan nata yana da doki kusan 170, nawa 143. Kamfani ya ce GTI tana kai 100 daga tsaye cikin daƙiƙa 6.9, Camry V6 kuwa tana yi cikin shida da 'yan kai. Ka jera su a miƙaƙƙen titi irin na filin jirgi, babu tabbacin zan ga ƙeyarsa ma, balle in wuce. Ba mu taɓa gwadawa ba, ba kuma za mu gwada ba. Da gudu ne kaɗai zancen, da tuni na rufe bakina na sayar. Ina jin kalmar "gudu" ɗin ce ma take ruɗa mu, domin motar da Bature yake nufi in ya ce an gina ta don tuƙi, gudu kashi ɗaya ne cikin aikinta.

Farkon inda na gane haka shi ne tsakanin Akwanga da Gwantu, inda hanya ta koma falle ɗaya. Duk mai bin hanyar ya san yadda ake: tanka a gaba tana jan ciki a 50, bayanta tirelar siminti, kai kana leƙe kana komawa. Haɗarin shan gaba ba ya cikin gudun, yana cikin daƙiƙun da ka yi a hannun wasu. A nan ba doki ke aiki ba, ƙarfin murɗa ne, wanda ake aunawa da Nm, da kuma inda injin yake ba da shi. GTI tana da 280, amma tana ba da shi duka tun allurar inji ba ta kai 2,000 ba, ta riƙe shi har wajen 5,000. Camry tana da 336, ya fi nawa, sai dai sai injin ya hau 4,700 yake cika. Ma'ana, Yaya sai ya take totur, giya ta yi tunani, ta sauko, inji ya yi kuka, sannan mota ta zabura. Ni da na ɗora ƙafa kujera ta tokare ni a baya. Daga 60 zuwa 100 kafin in gama bismillah na wuce na koma hannuna. Uwargida ta daina riƙe hannun ƙofa a wannan wurin, ni kuwa wannan shaidar ta fi mini ta kowace mujalla.

Giyar tana da hannu a ciki. DSG ba otomatik ba ce irin wadda muka saba, manuwal ce da kwamfuta take taka wa kuloci, kuma kulocin biyu ne. Ɗaya yana riƙe da giya ta ɗaya da ta uku da ta biyar, ɗayan ta biyu da ta huɗu da ta shida. Kana cikin ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, sai dai a saki wannan a kama wancan. Shi ya sa ba ka jin wannan ɗan ramin da mota take faɗawa tsakanin giya da giya. Tun 2003 suka fara sa ta a Golf R32, ba sabon abu ba ne, mu ne dai har yanzu makanikanmu suke tsoronta.

Akwai kuma abin da mu 'yan Jos muke rayuwa da shi ba mu lura ba. Garin yana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, iskarsa ta fi ta Legas sirantaka da sama da kashi goma cikin ɗari. Inji da iska yake ƙona mai. Wanda ba shi da turbo, abin da ya shaƙa shi ne rabonsa, don haka duk motar da ta hau Filato ta bar wajen kashi goma na dokinta a ƙasa. Doki 268 na Yaya, in ya iso Bukuru, ba su fi 240 ba. Turbo kuwa tura iskar yake yi da ƙarfi, in ta yi ƙaranci ya ƙara juyi ya cike mafi yawan giɓin. Ka haɗa da sanyin hunturun Jos, lokacin da hazo ya rufe duwatsun Riyom da asuba, iska mai sanyi ta fi nauyi, motar nan sai ta zama kamar an sake ta daga turke. A Abuja da azahar a watan Maris ba haka take ba, zan zo kan wannan.

Amma inda aka raba gardama ba a hawa ba ne, a sauka ne.

Bayan Babbar Sallah muka taso tare, Yaya a gaba ni a baya. Motarsa cike: shi, matarsa, yara uku, but ɗin kuma dankali buhu biyu, kabeji, karas, acca, har da tsarabar maƙwabta. Tawa ma ba fanko ba ce. Muka wuce Riyom muka fara gangara Hawan Kibo, sai muka tarar da tirela a gaba tana sauka da kaɗan-kaɗan, babu halin wucewa. Tun daga kwana ta farko jar wutar Yaya ta kama, kuma ban ga ta mutu ba har ƙasa. Ni na ja filafilin bayan sitiyari na sa ta a giya ta uku, wani wurin ta biyu, inji yana riƙe ta, birki sai in taɓa in saki. Muna isa inda hanya ta miƙe kafin Forest, na ga ya kunna sigina ya gangara gefe. Kafin in buɗe ƙofa warin ya iso ni, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Ya fito yana share zufa duk da sanyin da ake yi, ya ce, "Auta, zo ka taka ka ji." Na taka, fedar ta tafi luɓus har kusan ƙasa.

Birki ba ya cinye gudu, mayar da shi zafi yake yi. Duk nauyin motar da duk gangaren dutsen, a faifai huɗu suke tarewa su zama wuta. In faifan ya kasa zubar da zafin, fad ya fara santsi, zafin ya kai ga man birki. Shi kuma man birki yana shan ruwa daga iska a hankali. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya tsufa ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. Da ya tafasa ya yi kumfa, kumfa kuma matsuwa take yi, ka taka babu abin da ya isa taya. Shi ya sa ake cewa a juye shi duk shekara biyu. Muka buɗe na Yaya, baƙi wuluk kamar shayin da ya kwana, shekara biyar bai taɓa sanin ana canza shi ba. Fad ɗin kuma na araha ne da wani yaron shago ya ce masa duk ɗaya ne. Ga shi ya sauko dutsen gaba ɗaya a D. Don haka ba zan ɗora wa motarsa laifi ba, nasa ne, na kuma faɗa masa cikin ladabi bayan ya sha ruwa.

Sai dai ko da an gyara duk wannan, gini ya bambanta. Faifan gaba na GTI milimita 312 ne, na Camry 296, alhali Camry ta fi ta nauyi da kusan kilo 180. Ita an yi ta ne don ta kai iyali kasuwa da asibiti cikin laushi shekara ashirin, kuma babu wadda ta kai ta a wannan. Tawa an yi ta ne da tunanin wani zai taka birki da ƙarfi, ya shiga kwana, ya fito, ya sake, ya sake. Taka ta goma a Hawan Kibo daidai take da ta farko, a wuri ɗaya fedar take kamawa. Wannan ne ya sa kamfanoni suke kai irin waɗannan motoci Nurburgring a Jamus, hanyar gwaji mai kilomita 20.8, kwana sama da 70, hawa da gangara kusan mita 300. Duk motar da ke da ɓoyayyen rauni a birki ko a sanyaya inji, can yake fitowa. Mu kuma Allah ya ba mu tamu kyauta a ƙaramar hukumar Riyom, sai dai tamu da tireloli a ciki.

A kwana ma haka. Sitiyarin yana gaya maka abin da taya take takawa, in tsakuwa ce ka ji, in kwalta ta yi santsi ka ji ya yi sauƙi a hannunka. Motar ba ta kwanciya gefe. Tana da wata dabara da suke kira XDS, wadda take ɗan matse birkin tayar gaba ta cikin kwana don kada ta yi ta juyi a banza, sai ka ji hancin motar yana bin inda ka nuna. Kujerar ma tana da kafaɗu da suke riƙe ka. Yadinta mai ɗaki-ɗaki ne, uwargida ta ce sak bargon makarantar kwana, ni kuma na ce mata gado ne tun daga GTI ta farko.

Da na ba Kawu labarin Hawan Kibo, murmushi kawai ya yi. Shi ya yi shekaru yana jan Fijo 504 doguwa tsakanin Jos da Kaduna, haɗin kamfanin PAN, injin da bai kai doki 100 ba. Ya ce, "Ɗana, mu a zamaninmu ba ma cewa mota tana gudu, ko jaki in ya ga gangara yana gudu. Cewa muke tana jin magana. Ka ce tafi ta tafi, ka ce tsaya ta tsaya, ka ce nan ta bi nan, da safe haka da yamma haka." Kuma 504 ɗin da yake taƙama da ita ba ƙarya yake ba, ita ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson ɗan Suwidin, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. Ta gasar an ƙara mata ƙarfi, amma abin da ya kai ta gida shi ne ƙafa da juriya.

Maganarsa ta sa na koma na duba GTI ta farko, ta 1976. Doki 110 kacal, wanda yau ko Corolla ta fi shi. Nauyinta kuwa kilo 810. Raba ka gani: doki 136 a kowane tan, dab da 143 na tawa da ta zo bayan shekara 36 da kusan ninkin ƙarfi. Duk dokin da aka ƙara, nauyi ya cinye, na ƙarfen kariya da jakunkunan iska da na'urori. Ƙarin doki a miƙe kaɗai yake amfani. Ragin nauyi kuwa yana amfani a tashi, a birki, a kwana, har a gidan mai.

Taya ce ta kusa kai ni lahira, kuma ni na jawo. Motar ta zo da rim 18 da taya 225/40, siririya kamar an shafa. Wata na biyu wani rami kusa da Keffi ya fasa ɗaya ya lanƙwasa rim. Don tsumulmula na sayi tokumbo guda biyu a wurin wani mai faci, zanensu raɗau, na sa a gaba. Ruwan farko na damina, wajen Dawaki, ina kan 90 wata bas ta tsaya ɗaukar fasinja a tsakiyar hanya. Na take birki, feda tana kakkarwa a ƙafata, motar kuwa tana ta tafiya kamar a kan sabulu. Tazarar da ta rage tsakanina da bas ɗin ba ta kai taku ɗaya ba. Washegari bakanikena ya durƙusa ya nuna mini lambobi huɗu a gefen tayar, 2315. Ya ce, "Yallaɓai, sati na 23 na shekarar 2015. Wannan ta girmi ɗanka." Robar ta bushe ta zama katako. Duk birkin nan da nake yabo, da doki 200, da XDS, a kan wuri huɗu suke tsaye, kowanne bai fi tafin hannu ba. A 100 mota tana cin mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, kuma nisan tsayawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: daga 100 zuwa 140 kusan ninkawa yake. Na sauke rim zuwa 17 na sa sababbi huɗu 225/45, masu harafin W. Harafin nan shi ne iyakar gudun taya, H 210, V 240, W 270. A kula kuma da masu hoton ƙanƙara a gefe, na hunturun Turai ne, zafin kwaltar Abuja narkar da su yake yi.

Yanzu abin da ba na so.

Fetur ne na farko. An so a ba ta mai lamba 95, mu kuwa famfonmu kala ɗaya ne, abin da aka zuba maka shi ke nan. Injin yana da kunnen da yake jin ƙwanƙwasa, in man bai kai ba ya ja baya da kansa don kada ya lalace. Sakamakon shi ne a zafin Maris, da AC a kunne, tana yin nauyi, wasu dawakan sun tafi hutu. Sau ɗaya na sha mai a wani ƙaramin gidan mai a hanya don dole, kafin Keffi ta fara shessheƙa, sai da na canza fulogi huɗu. Tun daga nan nake cika tankinta mai lita 55 a inda na sani, yana kai ni Jos da saura mai yawa. A doguwar hanya lita ɗaya tana ba ni kilomita 12 zuwa 13, cikin gari 8 zuwa 9, in ƙafata ta yi nauyi kuma kada a tambaya. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, har lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024, kowa ya koyi wannan lissafin.

Gajeriya ce. Layinmu a Kubwa da damina sai na bi ta bayan masallaci, kuma tudun rage gudu na ƙauyukan hanya a karkace nake hawansu kamar kaguwa, masu Sharon suna yi mini hon. Robar ƙasan injin ta yage sau biyu. Ƙafarta kuma tauri gare ta, abin da yake hana ta kwanciya a kwana shi ne yake kawo maka kowace gargada har ƙashin baya. Hajiya sau ɗaya ta shiga, daga gida zuwa Terminus, ta ce ta yafe. But ɗin buhun dankali ɗaya yake ci da jakar kaya biyu, sauran tsaraba sai a motar Yaya, shi kuma ba ya barin wannan ya wuce ba tare da magana ba.

Babbar matsalar ita ce hannu. Bakaniken farko da na kai wa, kafin in koma wa na Apo, ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce a cire tamostat a haɗa fanka direk, wai motar Turai ba ta son zafinmu. Na ce a bari. Ya ce to a juye man giya, ya ɗauko jan man otomatik na kowa da kowa. Na karɓi makullina. DSG tana da nata man da nata filta, duk kilomita 60,000, in aka zuba mata wani an kashe ta. Bakin mai ma sai mai lambar VW 502 00, ba mai kaurin nan da ake aunawa a galan a bakin titi ba, domin turbo da man yake rayuwa. Ruwan lagireto kuma ba na famfo ba. A cunkoson Nyanya ba a barin ta tana jan ciki da rabin birki kamar sauran otomatik, kuloci ne yake goguwa, gara ka tsaya cak, a ba da tazara, ka tafi. Kayan gyara wasu akwai a Apo, wasu sai an aiko daga Ladipo kwana uku ko huɗu. A Dilimi kuwa, in ka ce Golf, kafin ka rufe baki an tara maka kayan Golf 3 har gwiwa, ka ce ta 2012 a ce sai dai a tambaya.

Wanda mota ɗaya zai riƙe don iyali da kaya da zuwa ƙauye, wanda kuma yake so ranar da ya matsu ya sayar kafin la'asar, ya sayi Camry ko Corolla ya huta, ba zan ce ya yi kuskure ba. Wanda kuma so yake a waigo in ya wuce, wannan ba za ta yi masa ba, mai gadin ofis ɗinmu har yau wajen 'yan aike yake nuna mini in yi fakin. Ni dai da za a mayar da ni wurin dilan nan, zan sake biya, sai dai a ranar zan wuce wurin masu taya kafin in je gida.

Zuwana na ƙarshe Kawu ya ce in rage masa hanya zuwa Akwanga, zai je gaisuwar rasuwa. A Mararaban Jama'a na tsaya na ce, "Kawu, ga makulli ku ɗan taɓa." Ya ce shi bai iya motar da ba ta da kuloci ba. Ya dai zagayo. Ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya cire hularsa ya ɗora a cinyata. Har Riyom bai wuce 70 ba, bai kuma ce uffan ba. Da muka fara gangara ya tambaye ni ina ake sauke giya, na nuna masa filafilin hagu. Ya ja sau biyu, ya saurari injin, ya gyaɗa kai. A ƙasa na ce, "Kawu, yaya kuka ji ta?" Ya ce, "504 ta fi ta laushi." Na ce to in karɓa. Ya ce in bari tukuna mu wuce Gwantu, akwai wasu kwanoni a can da ya daɗe bai gaisa da su ba.